Katakan Jirgin da Bai Dawo Ba

Mun bar ƙauye asuba ba ta gama washewa ba, ni da wasu mata masu kai shinkafa Sakkwato a kan jakuna. Ni ba ciniki ya fito da ni ba. Ƙanena, autan Inna, bakanike ne a filin jirgin soja tun da yaƙin Turawa ya tashi. An ce an sallame shi tun kaka, ga bazara ta yi, bai zo gida ba. Inna ta ce in taho da shi ko a ɗaure.

Hanyar fadama ta bushe ta tsattsage, jakuna sai tuntuɓe suke. A mashigin gulbi mai kwalekwale ya ce ya ƙara kuɗi saboda yaƙi. Na tambaye shi ko ruwan ma an ɗauke shi soja ne. Bai yi dariya ba, bai kuma rage ba. A Ƙofar Kware muka sha fura mai kyau, amma gishiri da ƙyalle yanzu a birni kallo ake yi a wuce. Can na rabu da abokan tafiya, na ratsa gari har filin.

Wurin babu itace ko ɗaya, sai rumfunan kwano da kawalwalniya. Wani tsohon kofur ya tare ni. Da na faɗi wanda nake nema, ya sauke murya. Ya ce ƙarar inji ce ta kashe wa Auta kunne, shi ya sa aka sallame shi, amma ba nan ciwon yake ba. A aikinsu kowane jirgi da bakanikensa. Shi ke duba inji, shi ke janye katakai biyu masu igiya da ake tokare tayoyi da su in za a tashi, shi ke mayar da su in an sauka. Jirgin Auta ya tashi ya yi arewa, ba a ƙara ganin ko ƙyallinsa ba. Ba wanda ya san ko harbi ne, ko hamada, ko wata ƙusa da hannunsa bai ɗaure ba.

Na same shi a tsugune a gefen fili, ya rame kamar kara. Ya jera katakan daidai faɗin tayoyi, ya share tsakaninsu tas.

"Yaya, matsa," ya ce. "Kin tsaya inda farfela take."

Na kai baki kunnensa. "Tashi mu tahi, Auta. Inna na kira."

"Bari shi sauka tukun. In na ji injin kusa, zan san ko laifina ne."

Azahar na gabatowa ya miƙe, ya ɗaga hannu sama. Sauran kanikawa suka aje sufanunsu ba wanda ya dubi wani. Kofur ya ce, "Ɗiyata, kada ki ɗaga kai." Na ɗaga, don ba na karɓar irin wannan umarni. Sama wayam. Amma daga can ƙarshen fili tsuntsaye suka riƙa tashi a jere, ciyawa tana kwantawa tana tunkaro mu, alhali ko mayafina bai motsa ba. Wani gurnani ya shiga haƙorana, ba kunne ba, na ji warin mai mai zafi. Abin ya zo, ya wuce. Auta ya sauke hannu ya ce, "Yau ma bai sauka ba."

Sai da na aurar da 'ya kafin na iya riƙe fensir, ba zan ɓata shi a kan ƙarya ba. Abin da na ji ke nan.

Ban tsaya musu ba. Na sunkuya na fizgi igiyoyin, na ɗora katakan a ka. A tsakar ranar nan sanyi ƙarara suke, kamar an tsamo su daga rijiya.

"Yaya, ina zai tsaya?"

"Inda ka kai su. Bayan gidanmu ba fili ba ne?"

Kofur ya juya baya, wai bai ga kayan gwamnati na fita ba. Na kama hanya ban waiwaya ba, ina jin takunsa a bayana har gulbi. Mai kwalekwale ya dubi kayana, ya dubi Auta, bai yi zancen yaƙi ba.

Mun iso gida, Inna ta shafa fuskarsa ta ce a dama kunu. Yanzu yana ci, yana fita sharar gona. Katakan kuwa ya jera su a bayan gida, kullum sai ya share tsakaninsu.

Abin da tafiyar ta koya mini shi ne, mai jira ba a jan hannunsa, abin da yake jira a kai ake ɗaukewa. Sai dai ban yi tunanin abin da zai biyo kayan ba. Awakinmu ba sa ratsa tsakanin katakan nan, zagayawa suke. Ni ma in azahar ta gabato, na daina ɗaga kai.