Ranar da Aka Ɗaure Bindigar Baba

Ranar wata Lahadi ce da la'asar, a kakar shekarar da na shiga aji biyar, Baba ya sauko daga motar Azare da bindigarsa naɗe cikin buhu. Ina bakin zaure ina ɓarar gyaɗa a faifai, abokan farautarsa uku kuma suna gindin darbejiya suna jiransa tun azahar. Bindigar gado ce daga kakanmu wanda ya yi aikin gandun daji, da takardarta ta izini, amma harsashinta ƙanana ne, na zomo da zabin daji. A shekarar kuwa wani ƙaton gyado, wato aladen daji, ya addabi fadamarmu da ke kusa da Katagum, yana tone rogo da dankali kunya bayan kunya. Sau biyu Baba yana harbinsa, gyadon yana kakkaɓe jiki ya wuce kamar an jefe shi da tsakuwa. Shi ya sa Baba ya kai bindigar wurin Malam Goni, wani maƙeri Babarbare da ya daɗe a Azare, ya rarake gurbin da harsashi ke zama don ta ɗauki manya.

Da aka kwance buhun sai ga 'yar takarda ɗaure da zare a jikin kunamar bindigar. Baba yana karanta Alƙur'ani, amma rubutun wasiƙa ba ya shigar masa, ni ce mai karatun Ajami a gidanmu, har matan unguwa kan aiko a kira ni. Ya miƙo mini. Ni kuwa da na ga manya sun zuba mini ido sai na gyara tsayuwa, na ɗaga murya kamar ina biya allo a gaban Malam. Bayan sallama, maƙerin ya rubuta: "Na faɗa maka da baki, na kuma rubuta don Allah ya zama shaida. Na yi aikin ne saboda nacinka. Ƙarfen ya tsufa, yanzu kuma ya sirance. Kada ka ɗora ta a kafaɗa sai ka ɗaure ta a bishiya, ka ja da igiya daga nesa har sau uku."

Ban rufe baki ba Malam Buba, babban abokin Baba, ya tuntsire da dariya. "To, sai a nemo mata turke da dusa, tunda ta koma akuya!" A wurin maharban garinmu, wanda ya ɗaure bindigarsa ya shaida wa duniya yana tsoronta, layun da ke damtsensa kuma fata ce kawai. Baba bai yi dariya ba. Ya linke takardar ya sa a aljihu, ya ce gobe da hantsi kowa ya zo fadama, daga kafaɗarsa za ta fara magana.

Nan take na gane ɓarnar da na yi. Da na matsa kusa na karanta masa a kunne, da ya je shi kaɗai ya ɗaure abarsa, ba wanda ya ji ba wanda ya gani. Yammacin nan na daka gero ban san ya daku ba, na tafi rijiya na dawo da tulu rabi. Ƙawayena suka leƙo suna kirana gaɗa, na ce kaina ke ciwo. Abin da ke tsaye a idona shi ne wani mai sayar da igiya a kasuwa, mai ido ɗaya da yatsu biyu a hannun dama, wanda kowa ya san bindiga ce ta fashe masa. Na sami mahaifiyata a madafa na faɗa mata. Ta daɗe tana juya tuwon da ya riga ya tuƙu, sannan ta ce, "Bakina ba ya shiga maganar bindiga. Ki yi addu'a."

Da safe na sa kayan makaranta, amma maimakon in bi 'yan ajinmu sai na karkata sashen Inna, mahaifiyar Baba. Bafulatana ce, Baba kuma ɗanta na fari, don haka ban taɓa jin ta kama sunansa ba, ko zazzaɓi yake yi ba ta leƙa shi, sai dai ta aika da kunu ta ce na yara ne. Ban sa rai ba sosai. Na durƙusa na maimaita mata wasiƙar da ka, tana kaɗa nono ba ta ɗago ba. Da na gama ta ajiye maburgi, ta je bakin rijiya ta kwance igiyar gugarta, ta naɗe ta ɗora mini a ka, ta ɗauki sandarta.

Tafiyar ba ta da nisa, amma Inna ba ta sauri, ni kuwa kowane taku ina jiran in ji ƙara. Ina ta karanta duk surar da ta zo bakina. Muka iske mutane sun taru a bakin rogon, an kafa tsohuwar ƙwarya a kan suri, Baba ya riga ya sa harsashi. Inna ta tsaya, ba ta dube shi ba, ta dubi Malam Buba.

"Kai Buba, ka gaya wa abokin nan naka, bindigar mijina ce. Shekara talatin ina shafa mata mai, bai taɓa bari na harba ba. Yau ni zan fara."

"Inna, ai sai ta kayar da ke."

"Shi ya sa na zo da igiya. Ko kai za ka ara mini kafaɗa?"

Aka yi dariya, wannan karon ba Baba ake yi wa ba. Ba wanda zai ce ɗa ya ji tsoro don ya bi umarnin uwarsa. Da hannunsa Baba ya ɗaure bindigar a jikin wata tsamiya, muka koma bayan tudu, Inna ta yi bisimilla ta ja igiyar. Ƙarar ta tashi tsuntsayen fadama duka, ƙwaryar ta tarwatse, bindiga lafiya lau. Baba ya nufi tsamiyar zai kwance. Inna ta ce da iska, "Ban ƙoshi ba." Aka sake sa harsashi, ta ja na biyu, lafiya. A na uku ƙarar ta bambanta, wani abu ya wuce ta samanmu yana fito. Da hayaƙi ya washe muka ga ƙarfen ya tsage ta gindi kamar karan da aka taka, daidai inda kunci ke kwanciya, ɓawon tsamiyar kuma ya ɗaye fari fat. Malam Buba sai salati yake yi. Baba ya daɗe tsugune yana duban wurin. Inna kuwa ta ce in naɗo mata igiyarta, shanu ba su sha ruwa ba.

Yanzu fadamar ta zama gonakin shinkafa, ƙarar injin ban ruwa ake ji inda dā ake jin kukan zabi, jikokina ba su san kamannin gyado ba. Inna ta rasu, Malam Buba ya bi ta, Baba ma ya cika da tsufansa, Allah ya jiƙansu da rahama. Har ƙarshen ransa da idanunsa biyu yake duban alƙibla, da yatsunsa goma yake jan carbi.