Hannun Mama da akwatin da ke jin jini

A gidanmu, duk wanda aka shafa wa kai sai ya yi barci. Mama ce ta ɓata mu. Tun muna yara a Kagoma, in ɗaya ya dame ta da kuka ko zazzaɓi, sai ta jawo kansa ta ɗora a cinya, ta lakato man kaɗanya, ta riƙa murza masa gefen kai da babban yatsa, daidai gaban kunne. Kafin ta kai ƙarshen waƙa ɗaya an wuce wurin. Ni da na tsufa har na yi ritaya daga koyarwa, mai yi mini kitso a Kafanchan har yau sai ta riƙa tallafo haɓata, tana mita wai ba ta da kwastoma mai minshari a tsakiyar aiki sai ni.

Jikoki ma haka suka taso, musamman 'yan mata biyu na ƙanwata, waɗanda duka suke da sikila. In ciwon ƙashi ya tashi, cinyar Mama ce asibitinsu ta farko. Wata rana da yamma babbar, tana firamare a lokacin, ta ce kanta na ciwo. Mama ta murza mata kamar kullum, ta yi barci. Da safe ta tashi baki ya karkace, hannun hagu da ƙafa ba sa jin umarni.

A asibiti an ce shanyewar ɓarin jiki ne, kuma sikila na kawo shi ga yara. Amma a gida wata daga dangin mijin ƙanwata ta tambaya, da murya ƙasa-ƙasa, wa ya taɓa kan yarinyar na ƙarshe. Mama kuwa ta ji. Ita kanta abin ya tsaya mata a rai. Ta ce ciwon sikilar da ta sani yana sallama kafin ya shigo, ido ya yi rawaya, yaro ya yi ta kukan ƙashi, amma wannan bai zo ba sai bayan hannunta. Daga ranar ta daina taɓa kan kowa. In jika ya zo zai kwanta mata a cinya, sai ta tuna ta bar tukunya a wuta.

Shekaru suka tafi, autar ƙanwata ta kusa kai shekarun da abin ya sami yayarta. Ƙanwata ta ƙirƙiro nata gwajin. Kowace safiya sai ta tsayar da yarinyar ta ce, yi mini murmushi, ɗaga hannu biyu. In baki ya tafi daidai, hannaye suka tashi tare, sai ta iya tafiya gona. Na sha yi mata tsiya cewa ta mayar da 'yarta soja mai fareti, amma ni ma a ɓoye bakin yarinyar nake fara kallo in na je.

Wata Lahadi bayan sujada, wata nas da muke zumuntar mata tare ta yi sanarwa cewa za a kawo wata na'ura asibitin gari, mai duba ko yaro mai sikila yana cikin haɗarin shanyewar jiki. Ni kuwa Allah ya yi ni da bin ƙwaƙƙwafi. Na tare ta a ƙofar coci na hana ta tafiya sauke abinci. A da, duk abin da ya fi ƙarfin ƙarin ruwa da allura, Kaduna ake tura mu. Mu bi ta Kachia, mu kwana a falon 'yar'uwa a Sabon Tasha, da sassafe mu kama layi, wani sa'in a ce likitan ba ya nan sai wani mako. Yanzu, in ji nas ɗin, babban asibitin Kaduna da ƙanana sun haɗa kai. An kai ma'aikatan nan can an koya musu aikin, na'urar tana zagayawa gari-gari, abin da ta nuna kuma ta waya ake aika wa ƙwararren likita, shi ya yanke magana. Na tambaye ta yadda akwati zai san abin da bai faru ba tukuna. Ta ce, "Malama, ki zo ki gani mana, shinkafa na zai ƙone."

Ranar, ƙanwata ta taso da auta daga Kagoma a kan acaba tun gari bai gama wayewa ba. An saka wa yarinyar kayanta na Kirsimeti, har da safa mai leshi. Mun daɗe a benci tare da wasu iyaye, har da matan 'yan kasuwa da na sani ta wajen sayen atamfa, waɗanda ban taɓa sanin muna ɗauke da kaya iri ɗaya ba.

Da muka shiga, na'urar ta ba ni kunya. Na zaci zan ga wani abu kamar injin niƙa, sai ga ɗan akwati da bai fi jakar hannu ba, da waya, da wani abu a bakin wayar kamar guntun alli mai kauri. Nas ta kwantar da auta ta kafa mata doka: ba motsi, ba magana, ba kuka, ba barci. Ta ce barci yana canza gudun jini, sai gwajin ya yi ƙarya. Sannan ta shafa wani mai sanyi a gefen kan yarinyar, daidai gaban kunne, ta ɗora abin ta fara juya shi a hankali.

Ni da ƙanwata muka kalli juna. Wurin Mama ne sak, har yadda ake murzawar. Rabon auta da hannun kakarta tun tana 'yar ƙarama, amma jikinta bai manta ba. Idanu suka fara lumshewa, baki ya buɗe.

"Kai, yarinyan nan ya yi barci," in ji nas. Muka tashe ta, aka sake farawa, ta sake tafiya. Na matsa mata ɗan yatsan ƙafa, ta zabura, aka ce ta yi motsi. Na fara ba ta labarin yadda akuya ta taɓa shiga ajina, ta ƙyalƙyale da dariya, aka ce wannan ma ya ɓata. Na fito da alewar citta daga jaka, nas ta harare ni ta ce tauna na motsa wurin. Daga nan ta dubi ƙofa ta ce layi na da tsawo, gobe kuma akwatin zai wuce Kachia. In an gwada sau ɗaya bai yiwu ba, sai dai mu jira zagaye na gaba.

Na ga yadda ƙanwata ta damƙe bakin zanenta. Na san lissafin da take yi, na safiyoyi nawa za ta sake cewa yi mini murmushi kafin akwatin ya dawo. Tsoro ya kama ni sosai. Sai dai ko a cikin tsoron, wani abu na cina. Tun ɗazu nake jin wata 'yar ƙara na fita daga akwatin, can ƙasa-ƙasa.

"Sista, me ke ƙara a ciki?" na tambaya.

Ta yi ajiyar zuciya irin ta wadda ta gaji da ni, ta murɗa wani abu. Sai ɗakin ya cika da fuu, fuu, fuu, kamar ana sheƙar acca a faifai. Auta ta buɗe ido tar.

"Anti, mene ne wancan?" ta ce mini a hankali.

"Jininki ne yana gudu a cikin kai," in ji nas. "Ki yi shiru ki ji shi."

Yarinyar ta yi tsit, idanu a waje, tana sauraron kanta. Ko ƙiftawar kirki ba ta yi ba har aka gama gefe ɗaya aka koma ɗayan. Ashe ni ta gado, ba uwarta ba. Da aka koma gefe na biyu, ni da ban san komai a aikin ba na ji bambanci, ƙarar ta fi kaifi da sauri. Nas ta ce kamar tiyon ban ruwa ne, in ka danne bakinsa ruwa ya fi gudu. In hanyar jini ta fara tsukewa, haka jinin ke yi.

Ta aika wa likitan, muka koma benci. Bayan wani lokaci ta kira mu ta ce ya duba, gefe ɗaya yana gudu fiye da kima. Za a fara ba auta wani magani kullum, a nan Kafanchan za a riƙa karɓa, a riƙa duba jininta, a kuma sake gwajin. Ba ta yi mana alkawarin komai ba, ta dai ce an gan shi da wuri, kuma maganin na rage haɗarin ƙwarai. Na zaci ƙanwata za ta fashe da kuka, sai na ji ta yi tambaya.

"Sista, na yayanta ma ya yi wannan ƙara?"

"Ban gwada ta ba, ba zan rantse ba. Amma yawanci haka ne. Abin ba ya farawa rana ɗaya."

"Tun kafin ranan da ta ce kai na ciwo?"

"Zai iya daɗewa yana yi. Ba dai wanda ke da abin ji."

Haushi ya taso mini, na shekarun da akwatin nan bai san hanyar garinmu ba. Ƙanwata kuwa wayarta ta miƙo mini, ta roƙi nas a sake ɗora abin na ɗan lokaci. Nas ta dubi layi, ta dube ta, ta yarda. Na ɗauki ƙarar a waya.

Da la'asar na bi su Kagoma. Mun tarar da Mama a tsakar gida tana tsince citta, babbar kuma na zaune a jikin bango, hannun da ya shanye a kan cinya. Ƙanwata ta durƙusa kusa da Mama, ta kunna wayar, ta yi mata bayani da yarenmu. Mama ta saurara, ta ce a sake. Aka sake. Ta karɓi wayar da kanta ta manna a kunne.

"Wato yana nan tun kafin in taɓa ta," ta ce.

"Haka nas ta ce, Mama. Ya kan daɗe."

Mama ta ajiye wayar, ta tashi ta shiga ɗaki. Muna jin tana ture kwanuka. Ta fito da wani tsohon gwangwanin man kaɗanya da murfinsa ya yi tsatsa, ta zauna a tabarma ta miƙe ƙafa, ta kira babbar. Yarinyar ta taso tana jan ƙafa, ta tsaya tana kallon uwarta, kamar mai neman izini. Sannan ta kwanta. Ta yi girma yanzu, ƙafafunta har sun wuce tabarmar. Mama ta ɗora yatsa a gaban kunnen, ta fara murzawa tana waƙa.

"Kaka, ni fa?" in ji auta.

"Ke je ki sha maganinki," in ji Mama. "Wannan ta riga ki kama layi."

Ba ta kai rabin waƙar ba babbar ta yi barci, amma Mama ba ta ɗauke hannunta ba.