Hannun da ke Bayan Soro: Jinjina ga Hauwa Kulu ta Panshekara

Kafin jiniyar masana'antun Challawa ta yi kukan safe, ma'aikata su fara kwarara daga Panshekara, wasu a keke wasu a ƙafa, Hauwa Kulu ta riga ta sauke koko ta share tsakar gida. Sai ta shimfiɗa wani tsohon buhu a gindin dalbejiya, ta jera sifanu daga ƙarami zuwa babba, ta zuba kananzir a wani farantin tangaran na kayan aurenta. A waje kuma mijinta, Malam Tijjani, ya buɗe soro yana karɓar baburan jama'a. Duk abin da aka kwance a soron, cikin kwano yake shiga gida, an rufe shi da faifai kamar abinci. Idan ya fito, ya fito a gyare.

Shekara da shekaru haka ake yi, mutanen unguwa ba su san hannun wa ke yin aikin ba.

Malam Tijjani gwanin gyaran inji ne a wata masaƙa a Challawa. A shekarar 1978 bel ɗin inji ya kama masa hannun dama, ya tafi da yatsu uku, sauran biyun suka sandare. Da ya warke sai ya buɗe wurin gyaran babur a soronsa. Manyan ayyuka yana iya yi da hagu, amma ƙananan kusoshi da siraran wayoyi sun gagare shi. Ranar da kafireton farko ya suɓuce masa, kayan cikinsa suka watse a tsakar gida, zama ya yi ya sunkuyar da kai. Kulu ta ajiye muciya, ta tsince su ɗaya bayan ɗaya, ta ce, "Malam, faɗa mini inda kowanne yake shiga."

Ya faɗa mata. Abin da ya nuna mata sau ɗaya ba ta sake tambaya. Ba a daɗe ba ta fara gano abin da shi bai lura da shi ba.

Shi kuwa sai ya kafa doka: ba ya aikin hankali ana tsaye a kansa. Mutane suka ɗauka sirrin sana'a ne. Suka sa masa suna Bahago, daga Sharaɗa har Bompai ana turo masa babur. A teburin mai shayi ana cewa, "Mai hannu ɗaya ya fi masu biyu." Shi ya gaya mini da bakinsa cewa duk sanda aka faɗi haka, ji yake kamar an ɗora masa garwashi a ƙeya. Wani ya taɓa kawo masa tsire don jin daɗin aiki, ya shiga da shi gida ya ajiye a gabanta, ya kasa kai ko yanka ɗaya bakinsa. Ta ce, "Ci mana, Malam." Ya ce ya ƙoshi.

Ke ce, Kulu, kika riƙa goge hannunki da toka da sabulu har fata ta yi ja, don kada matan biki su ga baƙin mai a ƙumbarki su yi wa mijinki tambaya. Ke ce kika mayar da lalle mayafin sana'a.

A bazarar 1984 Ishaya ya zo. Malamin asibiti ne, mutumin kudancin Kaduna, mai zaga ƙauyukan hayin kogin Challawa yana yi wa yara allurar rigakafi. Yana da wani dogon babur na shiga daji da ya saya a hannun wani Baturen injiniya da zai koma ƙasarsu. Ba irin na gari ba ne, shi ruwa ne ke sanyaya injinsa, har da ɗan lagireto kamar na mota. Famfon da ke zagaya ruwan ne ya lalace: ruwa na ɗiga ta ƙasa, baƙin man ya yi fari kamar koko. Ga ƙyanda ta ɓarke a ƙauyuka, ga maganin a akwatin ƙanƙara yana jira. Lokacin kuwa kayan gyara sun yi wuya a ƙasa. Sai da Ishaya ya karaɗe Sabon Gari da Ƙofar Ruwa kafin ya samu ƙananan robobi biyu da kanikawa ke kira sil, ɗaya mai tare ruwa, ɗaya mai tare mai. Mai shagon ya ce masa daga su babu wasu.

Malam Tijjani ya miƙa hannu ya karɓa, ya ce, "Ka dawo da la'asar."

Ishaya ya ce, "Malam, ka yi haƙuri, yau kam zan zauna. Ba raini ba ne. In abin nan ya sake tsiyaya ina tsakiyar daji, ba ni da kowa. Ina so in ga yadda ake yi."

Da wane baki za a kori mutumin da ya faɗi haka? Malam Tijjani ya tsiyaye ruwan, ya kwance murfin famfon, ya cire 'yar farfelar da ke ciki, ya zaro sandarta. Duk wannan hagu ta iya. Ya fitar da tsofaffin robobin. Da aka zo sa sababbi, nan ne gizo ke saƙa, domin dole ne hannu ɗaya ya riƙe robar daidai, ɗayan ya riƙa dannawa a hankali. Ya ɗora dungulmin hannunsa na dama, wanda ya saba ɓoyewa a aljihu, ya ɗan buga da guduma. Robar ta shiga a karkace. Ya san in ya ƙara bugu ɗaya bakinta zai yage, kuma ya san ba shi da wata dabara sai bugun. Ishaya ya tsuguna yana kallo da yarda, irin kallon da ake yi wa gwani.

Ya ɗaga gudumar ke nan, sai murya ta fito daga bayan ƙofar cikin gida.

"Malam, don Allah ɗan leƙo. Ka taho da kwanon nan na soro, zan zuba wa baƙo fura."

Ta ramin ƙyaure take kallo tun ɗazu. Malam Tijjani ya gane. Ya ce wa Ishaya zai shafa wa kayan man giris a ciki, ya tattara su ya shiga.

Kulu ta karɓi kwanon. Ta sa bayan cokali ta ɗago robar a hankali, ta ɗaga ta a hasken rana ta duba bakinta. Bai yage ba. Ta shafa sandar farfelar da yatsa, ta ji wani ɗan zane da tsohuwar robar ta ci, ta goge shi da lallausar takardar yashi har ya yi sumul. Ta duba boris ɗin da sandar ke juyawa a kai ta ce lafiyarsa lau. Sannan ta sa robobin baya da baya, kowace bakinta na kallon abin da za ta tare, ta danna su da manyan yatsunta har suka zauna. Ta yanko kwalin sukari, ta fitar da sabon gasket, takardar tare tsiyaya, daidai bakin murfin. Ta miƙa masa, ta ɗora ƙwaryar fura a gefe, ta ce, "Maza, kada ya gaji da jira."

Aka ɗaura, aka zuba ruwa da sabon mai, aka tayar. Babur ya yi ta ruri har ya ɗau zafi, ko ɗigo bai zubo ba. Ishaya ya kama hannun Malam Tijjani, dungulmin nan dai, ya riƙe da hannu biyu ya ce, "Allah ya yi wa hannun nan albarka. Duk yaron da ya tsira a makon nan, da ladanka a ciki."

Yabon mai shayi ya iya haɗiyewa. Wannan kam ya gagare shi. Ya zare hannunsa, ya dubi ƙasa ya ce, "Malam Ishaya, ba wannan hannun ba ne. Ni saura kaɗan in yaga maka robar. Uwargidana ce ta gyara. Duk aikin hankalin da aka taɓa yaba mini a soron nan, ita ce."

Ishaya ya miƙe tsaye. Can ya juya ya fuskanci ƙofar cikin gida, ya cire hularsa, ya ɗaga murya ya ce, "Mama, sannu da aiki. Na gode."

Kada mai karatu ya ɗauka murna Kulu ta yi. Fushi ta yi, irin wanda bai taɓa gani ba. Da ya shigo ta ce, "Na rufa maka asiri, kai kuma ka je ka tona mana a gaban baƙo? Yanzu da wane ido za ka fita masallaci?" Ya ce, "Da wanda nake fita da shi a da, Kulu, ai shi ma a ƙasa yake." Ta yi kwanaki tana ajiye masa tuwo ba ta dubansa.

Abin da ta ji tsoro kuwa ya faru. Labari ya zaga, domin shi da kansa ya maimaita a teburin mai shayi. Wasu suka janye baburansu, wai ba za a ce mace ta taɓa musu inji ba. Wasu in ya wuce sai su ce, "Ga yaron shagon Hauwa." Ya ji ciwon wannan, ba ya musu. Amma ya ce kunyar da ake ba ka a fili ta fi sauƙin ɗauka a kan wadda kake kwana da ita kai kaɗai. Yawancin waɗanda suka tafi sun dawo, suna sallama suna kallon gefe. Matan da ke aiki a kamfanoni, su Hannatu da Ladi, suka fara shiga kai tsaye har gindin dalbejiya da kan keken ɗinki da kayan injin markaɗe. Babur ɗin Ishaya kuwa ya gama zagayen bazarar nan, ya ƙara wasu bazarori, famfon bai sake tsiyaya ba.

Bana idanun Kulu sun fara hazo, likita ya ce ta bar aikin ƙananan abubuwa. Ta naɗe buhunta. Babu kamfanin da zai yi mata liyafar sallama, babu takardar yabo, domin ba a taɓa ɗaukar ta aiki ba. Shi ya sa Malam Tijjani ya zo ya same ni, ya daɗe yana murza hularsa kafin ya faɗi abin da ya kawo shi: in rubuta mata jinjina.

To, Kulu, gwanar gwanaye, mai gyara ba a ji ƙarar guduma ba, mun gode. Iyayen yaran hayin kogi sun gode, ko da yake ba su san sunanki ba. Allah ya ƙara wa idanunki haske, ya saka miki da abin da mutane suka kasa. Masu sana'a kuma su yi koyi da ke wajen yin aiki tsakani da Allah ko babu mai gani. Wanda kuma ya san ana yaba masa gumin wani, ya buɗe baki tun mai gumin yana raye yana ji.

Da zai tafi na tambayi Malam Tijjani yadda yake so a rubuta sunansa. Ya tsaya a bakin ƙofa ya yi tunani, ya ce, "Rubuta mijin Hauwa Kulu. In ta yi faɗa, ka ce ni na sa ka."