Tsakiyar Inna da Kwanon Rumawa

Da bikin 'yata ya matso a Paris, na ɗauko tsakiyar da Inna, mahaifiyata, ta bar mini: ƙwaya tara a zare ɗaya, kowace da furanni ja da rawaya. Na miƙa mata don ta sa ranar. Ta juya ta sau ɗaya.

"Maman, irin wannan ai tuli ne a kasuwar Barbès. Fenti ne fa."

Raina ya ɓaci ƙwarai, amma na haɗiye, don 'ya'yan yau ba a kayar da su da baki. Na jefa tsakiyar a jaka, can ta zauna har muka je Lyon ni da 'yata kai wa yayana goron biki. A Saint-Fons, gefen garin, yake aikin masana'anta, kuma ba ya barin baƙo ya huta. Sai da ya hau tudu da mu, wai gidan kayan tarihin Rumawa.

Ina jan ƙafa ina mita, sai idona ya faɗa kan wani ɗan kwanon gilashi, an harhaɗa shi inda ya fashe. Jikinsa duk furanni, ciki da waje. Na kasa wucewa.

Yaya ya karanta bayanin, ya juya mana da Hausa:

"Sandunan gilashi masu launi suke haɗawa dami guda, su gasa, su ja shi ya yi tsawo, yadda mai alewa ke yi. In ya huce su yayyanka, kowane yanki da furensa. Su jera su, wuta ta manne su su zama faifai, a ɗora a bayan kaskon yumɓu, zafi ya lanƙwasa shi, kana a goge."

Wajen shekara dubu biyu ke nan! In wuta ta ɗan zarce, furen ya narke, wahala ta tashi a banza. Wallahi mutanen nan sun burge ni.

Na zaro tsakiyar. Ƙwaya ɗaya ɓantararriya ce. Ni na ƙwala mata dutse ina yarinya, don in ga inda furen ya tsaya, na kuwa sha duka wajen Inna. Na nuna wa 'yata gurbin. Furen ya nutse cikin gilashin, babu fenti ko ɗigo.

Ta dubi kwanon, ta dubi tafin hannuna, ta daɗe. Sannan ta ɗage gyalenta.

"Maman, ɗaura mini."

Na zagaya mata tsakiyar a wuya, yaya ya ƙulla zaren.