Hamadu Ya Tafi Bai Sake Auna Ƙafata Ba

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan aka buga mini waya, wai Hamadu kine ya rasu. Haɗarin moto, wato babur, a hanyar Pitoa.

Na ce to.

Ga wanda bai san shi ba, shi ne kine ɗinmu, wato mai gasa mana jijiyoyi a nan Garwa. 'Ya'yana suka kai ni wurinsa, don sun rantse ba zan je Hajji bana ba sai an tabbatar ƙafar hagun nan za ta iya Safa da Marwa.

Yana da wata 'yar na'ura kamar akwatin ashana. Sai ya ɗaure maka ita a sha-raɓa, ya rufe da baƙin ƙyalle don kada haske ya shiga, ya ɗora ka kan keken da ba ya zuwa ko'ina. Wai tana duba iskar oksijin da tsoka ke samu lokacin da take aiki.

Shi da kansa ya ɗaure mini takalmi ranar, don bayana ba ya lanƙwasuwa.

Na tuƙa, na yi gumi. Awo ya fito da muni. Babban ɗana har ya fara yi mini fuskar ta'aziyya.

Hamadu ya ce, “Baffa, kada ka yarda da ita tukuna. Gumi yana ruɗa ta, baƙar fata ma haka, kuma ɗaurin ya zame. Mai shaida ɗaya ba ya yanke shari'a.”

Na ce, “Ashe da maƙaryaciya kake yawo, ɗana?”

Ya ce, “Ba ta ƙarya, sai dai a tambaye ta sau biyu, a wuri guda.”

Biro zai goge da wanka, don haka ya aika gida matarsa ta kwaɓo lalle, ya ɗiga mini a daidai wurin. Tsoho da lalle a ƙafa! Ya ce in dawo Alhamis.

Yau Laraba.

Ɗazu babban ɗana ya tambaye ni, maganar tafiya fa? Na ce a nemi wani ya sake aunawa. Da awon farko dai ba za a zaunar da ni ba, mai shi ya hana.

Allah Ya jiƙan Hamadu, Ya haskaka kabarinsa, Ya raya abin da ya bari. In rai ya kai ni Ka'aba, da sunansa zan fara.

Duk wanda ya karanta, don Allah ya sa shi a addu'a.