Jigidata a Bakin Kifi

Mijina bai taɓa kama kifi ba. Ko tarwaɗar da ruwa ya janye ya bari a taɓo ba na jin zai iya ɗauka, don mutum ne mai tsoron ruwa. In aka ce ya shiga kwalekwale, nan take zai tuna yana da aiki a gida. Amma duk masuntan bakin dam ɗin Karaye sun san ƙofar gidanmu, saboda shi ne yake yi musu koton ƙarya. Wani ɗan abu ne mai ƙyalli da ake haɗa shi da ƙugiya, a jefa a ruwa a riƙa ja, babban kifi ya zaci ƙaramin kifi ne yake gudu, ya kai masa cafka.

Da damina manomi ne kamar kowa, dawa da gyaɗa. Da an kai amfani gida sai ya shige ɗan ɗakin da ke jikin soronmu, ya zauna a kan turmin da ya fashe, da filaya da guduma da magagari, da wayoyi da gashin zabi a gwangwanaye. Ya yanke kan cokali, ya bubbuga shi, ya huda gaba da baya, ya goge shi da toka har ka ga fuskarka a ciki. Cokulan da aka kawo ni da su kuwa, Allah ya ji ƙansu. Shekarata ta biyu a gidan, in baƙi suka zo sai na aika maƙwabta aro. Na yi faɗa, na yi gaba, na ɓoye sauran a cikin tukunyar kanwa, ya bi ya tono. Daga baya na haƙura, na ce ai cokali ne, ba mutuncina ba.

Ni 'yar ƙasar Rogo ce, daga wani ƙauye ta wajen Fulatan. Gwaggo, yayar babana, ita ta riƙe ni tun da mahaifiyata ta rasu. Mace ce wadda ko dariya aka yi da ƙarfi a tsakar gida sai ta leƙo ta ga wace marar kamun kai ce. Ranar da za a kai ni ɗaki ta kira ni ƙurya, ta kwance wani ƙullin tsumma, ta fito da jigida ta jajayen duwatsu, kowanne da ɗan ɗigon fari a cikinsa. Ta ce ta kakarta ce, irin duwatsun da aka daina kawowa, ta raba biyu, rabi yana jikinta, rabi ga shi ta ba ni. Da hannunta ta ɗaura mini, sannan ta ja kunnena.

"Abin da ke ƙarƙashin zani, 'yar nan, ko ƙararsa kada wani ya ji sai mijinki. Kin ji ni?"

Na ce na ji.

Bayan haihuwata ta uku zaren ya gaji. Ina cikin daka wata safiya sai na ji tsit, duwatsu suka zubo ta ƙasan zani suka watse a gindin turmi. Na tsince su kaf, na zuba a gwangwanin madara, na ɗora a kan taga da niyyar in sami zare mai ƙwari in sake shiryawa. Aikin gida ya sha kaina, na manta.

Rannan na shiga ɗakin aikinsa da tsintsiya. A kan igiyar da yake rataye waɗanda ya gama, sai ga wani koto yana lilo, kan cokali a ƙasa, gashin zabo a wutsiya, a wuyansa kuma jajayen duwatsu guda biyu masu ɗigon fari. Tsintsiyar ta faɗi daga hannuna. Na cizgo shi, ƙugiyar ta yage mini yatsa ban ma ji ba, na sami mijina a tsakar gida yana alwala.

"Malam, mene ne wannan?"

Ya ɗago ya duba, ya ci gaba da wanke ƙafa. "Yo na gan su ne a yashe a taga. Na ga suna kama da idon kifi."

"Ka san ko mene ne?"

"Na sani mana. Wa ya fi ni sani?" Har da murmushinsa.

Na ce masa abubuwa da yawa ranar, waɗanda ba zan rubuta ba. Ya bari sai da na sauke, sannan ya ce in yi haƙuri, amma fa wasu duwatsun guda biyu sun riga sun tafi dam a wuyan wani koto tun jiya. Na zauna a bakin rijiya na rasa inda zan sa kaina. Abin da ya shekara bakwai yana kwana a ƙuguna, yau yana hannun wani ƙaton masunci, yana juya shi a rana yana nuna wa abokansa.

Da abin ya tsaya nan da sauƙi. Sai kifi ya ci amanata. Wanda ya sayi koton ya ciro giwan ruwa da sai da mutum biyu suka kama masa, washegari ya sake ciro wani. Kafin kasuwa ta zagayo, labari ya gama bakin ruwa. Ɗakina kuwa bango ɗaya ne tsakaninsa da ɗakin aikin, duk abin da aka faɗa a can ina ji.

"Malam, mai jan idon nan muke so."

"Wai a ina kake samo dutsen nan ne? Kai, yana da santsi!"

"Ka ga yadda yake ɗaukar ido kuwa? Ni kaina da kifi ne da na haɗiya."

Su bushe da dariya. Ni kuma ina zaune a bakin gado na toshe bakina da mayafi, zufa tana karyo mini, ina jin kamar ƙasa ta tsage in shige. Ba su san komai ba, bayin Allah, Malam ya ce musu daga Kano yake sarowa. Amma ni na sani. Na kwashe gwangwanin na cusa a can ƙasan akwati, na kulle, na ɗaure mukullin a bakin zanina. Na ce masa in ya sake taɓa ko guda ɗaya, motar Rogo ba ta daina lodi ba.

Ya je kasuwar Karaye ya sayo jajayen duwatsu na roba wajen masu koli. Masunta suka gwada suka dawo masa da su, wai kifi ya ƙi. Ko kifin ne ya ƙi ko su ne zuciyarsu ta ƙi, ban sani ba, kuma ban damu ba. Abin da ya dame ni shi ne mata. Namiji ba zai gane jigida ba in an raba ta da zarenta, amma mace kallo ɗaya za ta yi. Matan masunta suna shigowa gidanmu tallan soyayyen kifi, kuma akwai waɗanda suka taya ni wankan jego, sun ga abin da suka gani. In ɗayarsu ta yi mini murmushi sai in ce shi ke nan, ta gane. Na daina zuwa suna, na daina zuwa biki, ina cewa kaina ke ciwo.

Shekarar da ta biyo ruwa ya ɗauke da wuri. Gyaɗa ta yi ƙwanso ba ƙwaya, dawar da muka samu ko rabin rumbu ba ta kai ba. Kafin zafi ya shigo sosai mun koma tuwo sau ɗaya, da safe kunu tsararo. Malam yana ta bubbuga cokula, ba mai saye sai jefi-jefi, kowa ya zo mai jan ido yake tambaya. Bai roƙe ni ba, wannan kam zan shaide shi. Amma wata rana na ga 'yar autata tana side ludayin kunu har tana karkarar gindinsa da haƙori. Na shiga ɗaki na kwance mukulli.

Na bari ya tafi masallaci, na ajiye duwatsu kaɗan kusa da filayarsa, na fito da sauri kamar wadda ta yi sata. Ya dawo ya shige ɗakin aikinsa. Na dai ji guduma ta fara aiki. Da yamma sai ga shi da kwanon dawa da ƙullin kifi. Yara suka ci suka ƙoshi suna ta tsalle, ni kuwa na tura musu nawa. Haka muka ci gaba, in hatsi ya yi ƙasa in ajiye, in ya ga na ajiye ya ƙera. Gwangwani yana ta yin sauƙi, ni ina ta ƙin haɗa ido da mutane.

Ana cikin haka, ranar wata kasuwa da hantsi, na ji sallama da muryar da ko a barci zan gane ta. Gwaggo ce, ba aike ba sanarwa, ta biyo motar 'yan kasuwa ta zo ganin jikoki. Kuma duk mai shiga gidanmu sai ya wuce ta ƙofar ɗakin aikin nan, wadda kullum a buɗe take. Na fito da gudu ba ko takalmi, na tarar Malam ya durƙusa yana kwasar gaisuwa, ita kuma tana tsaye ta dogara sanda, idonta a kan igiya. Guda huɗu ne a rataye, duk masu jan ido.

Ta miƙa hannu ta kamo ɗaya, ta kawo shi kusa da fuskarta, ta murza dutsen da babban yatsa.

"Wannan fa, na mene ne?"

"Na kamun kifi ne, Gwaggo," in ji shi, kansa a ƙasa.

"Kifi yana cin dutse ashe."

"Ruɗinsa ake yi, Gwaggo."

"Uhm," ta ce. Ta saki koton yana lilo, ta wuce ni ta shiga ciki.

Wunin ranar ban san yadda na yi shi ba. Na shimfiɗa mata tabarma, na kawo ruwa, ina jiran saukar aradu. Na san bakin Gwaggo, na taɓa ganin ta sa matar aure kuka a kan ɗankwali da ya zame. Amma sai ta yi ta wasa da yara, tana tambayar wane da wance. Na zuba mata tuwo mai yawa don kada ta gane halin da muke ciki, ta ci kaɗan ta tura wa yara, ta zauna tana kallon yadda suka far masa. Can ta ce za ta zaga, ta bi ta gindin rumbu, na ga ta ɗan ƙwanƙwasa shi da sandarta. Ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima.

Da la'asar ta idar da salla ta ce in zo in tashe ta, gwiwa ta riƙe. Na sunkuya, ta kama ni. Maimakon ta dafa kafaɗata yadda ta saba, sai ta dafa ƙuguna, ta bar hannunta a wurin. Ba komai a ƙarƙashin zanin sai ƙashi. Na ji hawaye ya cika mini ido, na buɗe baki zan yi bayani.

"Ɗaga ni mana, 'yar nan, kin tsaya kamar gunki," ta ce.

Washegari ta koma. Har muka raka ta tasha ba ta ce uffan ba, kuma wannan shirun ya fi mini zagi ciwo. Na dawo gida na ce wa Malam ya gama da ni, matar da ta raine ni ta ga tsiraicina a rataye a soro. Ya sunkuyar da kai yana juya filaya a hannu.

Kasuwa ta sake zagayowa, sai ga wata mata 'yar ƙauyenmu da saƙo daga Gwaggo: ɗan buhun gero, daddawa, kuka, da wani ƙullin tsumma da aka ce a ba ni hannu da hannu. Tun kafin in kwance na gane tsumman. Na shiga ɗaki na saki labule.

Rabinta ne. Jajayen duwatsu masu ɗigon fari, sun fi nawa santsi saboda daɗewa a jiki. Na zazzage su a cinyata ina laluben zaren, ina cewa ta aiko mini ne in ɗaura in rufa wa kaina asiri. Babu zare. Ta tsinke shi da kanta, ta zare shi, ta wanke duwatsun ta aiko su a warwatse, yadda mai ƙera koto zai ji daɗin ɗauka.

Na fito na tambayi matar ko Gwaggo ta ce wani abu. Ta ce a'a, cewa kawai ta yi a gaida yara.

Na daɗe ina kuka kafin na kai su ɗakin aikin. Na juye a gabansa. Ya duba, ya gane, sai na ga mutumin nan da ya yi mini murmushi a kan tawa ya ja da baya, ya ɓoye hannayensa a cikin riga.

"Wallahi ba zan iya taɓawa ba. Surukata ce fa."

"Amma tawa ka iya taɓawa?"

Na jawo kujera 'yar tsugunno na zauna, na ce ya miƙo waya. Shi ya yanke cokali ya goge, ni na zura duwatsun, bibbiyu, ina yi ina share fuska da gefen mayafi. Da su muka ci tuwo har sabon hatsi ya shigo.

Gwaggo ta yi shekaru bayan nan kafin Allah ya karɓi abarsa, kuma ko sau ɗaya maganar ba ta taɓa haɗa mu ba. Duk zuwan da zan yi gida nakan kai mata bandar kifi. Ta karɓa, ta ɓare ta a nutse, ta cire ƙaya, ta kai baki tana taunawa da 'yan haƙoran da suka rage mata. Sannan ta dube ni ta ce, "Kifin Karaye akwai daɗi, 'yar nan."

Ni dai ban taɓa iya ɗago kai na amsa mata ba.