Haƙorin Inna Hajo

Shekara ashirin ke nan da haƙori ya kashe mahaifiyata, Inna Hajo, a ƙauyenmu kusa da Hasahisa. Mutane sun ce kwana ne ya ƙare. Haka ne. Amma ina wurin, na ga yadda ya ƙare.

Lokacin tsinkar auduga ne. Wana Ummaru shi ke riƙe da hawasha, gonar da gwamnati ta ba gidanmu, kuma Inna ta fi mu duka saurin hannu. Turmin haƙorinta na ƙasa ya tsage a kan goro, kumatu ya fara tashi. Ummaru ya kira Sanda wanzami. Sanda ya leƙa bakinta, ya mayar da awartaki cikin zabira.

"Ba ni taɓa shi," in ji shi. "Haƙorin tsoho ya bushe, ciki ya toshe. Karyewa yakai. Ku kai ta asibiti."

"Ya zol, bawan Allah, cire kawai," in ji Ummaru. "Wa za shi bar auduga shi tafi asibiti? Bara ba kai ka cire na Bello ba?"

Ni ne Bellon. Na ce masa nawa na yaro ne. Ya ce in rufe baki, manya na magana. Inna ta dafa gwiwata ta ce, "Bar shi, ɗana, a gama mu tafi gona."

Sanda ya ja. Na ji ƙas. Kan ya fito, saiwar ta zauna a ciki. Na ɗauki gutsuren na duba. Nawa da aka cire yana da rami da jan zare a tsakiya. Nata babu rami, tauri kawai, rawaya kamar ƙaho. Da asuba ta ɗaure haɓa da ƙyalle ta shiga auduga. Kumburin ya sauka wuya. Ranar da Ummaru ya yarda a nemi lori, ko ruwa ba ya wuce mata. A hanya ta cika, kanta a cinyata.

Bana turmin Ummaru ya tsage. Ya kai shekarunta. 'Ya'yansa suka bar gona ranar, suka kai shi asibiti, aka yi masa allura, aka fitar da saiwar a hankali. Ya dawo yana ba mutane labari a ƙofar masallaci, wai haƙorin tsoho sai da lallashi. Yanzu ya sani!

Da Inna ta ji shi, na san abin da za ta ce: Alhamdu lillahi da ya samu sauƙi. Haka take. Wannan halin ta bar wa jikokinta, kuma na gode Allah. Ni bai kama ni ba.

Ina nan a gidan da ta bari. Katanga ɗaya ta raba ni da Ummaru. Muna gaisawa, muna bin sahu ɗaya a masallaci. Tun daga ranar lorin nan ban sa hannu a ƙwarya ɗaya da shi ba.